Haruffa Masu Tumbi

A 1922 aka fito da wasu haruffa a Chicago, waɗanda Oswald Cooper ya zana, ana kiransu Cooper Black. Ko kusurwa ɗaya mai kaifi babu, kowane harafi sai ka ce ya kwana yana narkar tuwo da man shanu. Manyan masu zane suka yi ta yatsina fuska, wai ƙauyanci ne. 'Yan kasuwa kuwa ko a jikinsu, tunda mai ido rabi ma yana karanta allon daga tsallaken titi. Har kamfanin jiragen sama na easyJet ya rubuta sunansa da su. Fasinja ana auna jakarsa har kilo na ƙarshe, amma haruffan jikin jirgi babu mai ɗora su a sikeli.