Ɗaga nauyi da ɗaukar nauyi

Wani ɗan ƙanena ya dawo Karaye hutu daga Kano, ƙirji a buɗe, hannuwa sun ƙi haɗuwa da jiki. Na ce lafiya? Ya ce, "Baffa, weightlifting nake yi." Na ce ya fassara. Ya ce ɗaga nauyi.

To, wurin Bature kalmar ta kasu biyu. A bakin titi, duk wanda ke wasa da ƙarfe don damtse ya kumbura yana cikinta. A gasar Olamfik kuwa, inda ta shiga tun 1896, sai ka cira ƙarfen har bisa kai, ka tsaya cak, alƙalai su yarda. A gasar duniya ta 2021 wani ɗan Jojiya, Lasha Talakhadze, ya ɗaga kilo 267. Buhun masara biyu da rabi ke nan har da ɗoriya. Amma fa daƙiƙa kaɗan ya riƙe, ya yar, aka yi ta tafi.

Ɗan dako a kasuwar Rogo yakan wuni da buhu a wuya daga rumfa zuwa mota, ko sannu ba lallai ya samu ba, balle lambar zinare.

Mu nan nauyi ɗaukarsa ake yi: cefane, kuɗin makaranta, kayan sallah, ga surukai da ake jin nauyinsu. Wannan ba a direwa.

Na ce da yaron, tunda ƙarfi ya samu, ga damin dawa can a gona. Ya ce ai yau ranar hutun tsoka ce.