Ɗanɗano Kyauta, Bayani Ma Kyauta

A Jamus, baƙo kan biya kuɗi a zagaya da shi ƙaramin gidan haɗa giya, a nuna masa tukwane, a ba shi labarin dokar haɗa giya ta Bavariya ta 1516, sannan ya sansana, ya kurɓa, ya gyaɗa kai. Mutumin Madawa ba ruwansa da giya, wurin mai fura yake nufa ranar kasuwa. Ga dawo, ga nono, ga ƙamshin citta da kanumfari, ɗanɗano kuma kyauta ne. Amma ka sha ludayi uku ba ka fito da dala ashirin ba, Inna mai fura za ta zagaya da kai tarihin gidanku, tun daga kakanninka.