Masana Komai na Gusau, Tsafe da Bungudu: Nazari a Kan Ilimin Majalisa

Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da ƙananan hukumomi 14, kuma tun shekarar 2013 take da jami'ar tarayya a Gusau, amma duk mai bin diddigin yadda ilimi ke yaɗuwa a wannan yanki zai tarar da cewa mafi yawan hukunce-hukuncen da suka shafi kimiyya da lafiya da siyasar duniya daga wata cibiya dabam suke fitowa. Cibiyar ita ce majalisa, wato inda maza ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko su jeru a bencin mai shayi daga bayan la'asar har dare ya raba, kuma ta fi sauran makarantu da abu biyu, domin ba ta karɓar kuɗin rajista, ba ta kuma taɓa shiga yajin aiki ba. Kowace majalisa tana da masaninta, mutumin da ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, wanda shi ne abin nazari a nan.

A zamanin da rediyo ke mulki, masanin majalisa yana shan wahala kafin ya kai wannan matsayi, domin sai ya sayi batir, ya tashi tun asuba, ya yi ta murɗa akwati har ya kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ko Muryar Amurka, ko Jamus. Kuma da yake maƙwabcinsa ma tashar ɗaya ya saurara, ƙarin gishirinsa yana da iyaka. Shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da zuwan WhatsApp daga baya, su suka 'yantar da shi daga wannan ƙangi. Babban littafinsa a yau shi ne odiyo, wato saƙon murya na minti bakwai ko takwas da wani bawan Allah da ba a san sunansa ko garinsu ba ya ɗauka, wanda kan buɗe da doguwar sallama, ya ratsa ta rantsuwa uku, ya rufe da roƙon a tura wa duk wanda ake ƙauna.

Abin lura shi ne cewa wannan ƙasa ce ta malamai waɗanda suka gaji ilimin tantance masu ruwaya, inda ba a karɓar magana sai an san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Silsilar masanin majalisa kuwa gajera ce: daga "an ce" sai "wani na ciki", kuma idan aka matsa masa da tambaya, sai na cikin ya zama ƙanen matar wani abokinsa da ke aiki a Abuja, ba tare da an fayyace ko a fadar shugaban ƙasa yake ba ko a bakin ƙofar wata ma'aikata yake sayar da rake. Kamfanin WhatsApp ya yi ƙoƙarin rage gudun jita-jita, inda a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, ya kuma riƙa sanya alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo, domin mai karatu ya yi hattara. Masanan majalisa sun fahimci alamar ta wata fuskar, wato shaida ce ta cewa jama'a da yawa sun tabbatar da labarin.

A fannin lafiya ne wannan makaranta ta fi yin suna. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, an tashi mutane cikin dare a faɗin ƙasar nan da umarnin su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, abin da ya kwantar da wasu a asibiti, ya yi ajalin wasu, alhali cutar ba ta ma san ana yi ba. Kafin nan, a 2011, sai da hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta fito ta ƙaryata labarin wata lamba da aka ce duk wanda ya amsa kiranta zai mutu, labarin da masu gudun waɗanda ke bin su bashi suka yi wa kyakkyawar tarba. A 2020 kuma aka yanke hukuncin cewa fasahar 5G, wato zubi na biyar na sadarwar wayar hannu, ita ce ke haddasa korona, ko da yake sai a 2022 kamfanin MTN ya fara sayar da ita a Nijeriya, kuma an yanke hukuncin ne har a ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sandar sabis ɗaya. Mutumin da ya ƙi allurar rigakafi bisa hujjar cewa bai san abin da aka zuba a cikinta ba, shi ne dai za a gani ranar kasuwa a gindin motar mai lasifika, yana kwankwaɗar wani jan ruwa daga gorar da ba ta da ko takarda, wanda aka tabbatar masa yana maganin basir da sanyi da taifod da raunin mazakuta a lokaci guda.

Dangane da siyasar duniya, akwai ƙa'idar da za a iya kira dokar nisa, wadda ke cewa iya nisan wuri daga Gusau, iya ƙarfin yaƙinin masani a kansa. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, an sami mutane a Tudun Wada da suka san abin da Putin ya raya a zuciyarsa, kuma da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, an tsara wa ECOWAS dabarun yaƙi da na sulhu a kan tebur ɗaya, tsakanin kofin shayi na farko da na biyu. Batun nan na cewa an musanya Shugaba Buhari da wani Jibrin daga Sudan, wanda shi kansa shugaban ya ƙaryata a ƙasar Folan a Disamban 2018, an yi masa nazarin kunne da na tafin hannu da ya isa kundin digiri. Idan kuwa aka tambayi masanin dalilin da ya sa famfon unguwa ya shekara ba ruwa, ko sunan kansilan mazaɓarsa, sai ya ce wannan sai Allah.

An daɗe ana ɗora wa waya alhakin wannan hali, har sai da tarihi ya samar da gwajin da babu wani mai bincike da zai iya shiryawa da kansa. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa da su katse sabis a Zamfara baki ɗaya domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, aka kuma haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Wahalar da jama'a suka sha ba abin dariya ba ce, domin ciniki ya tsaya, masu POS sun rufe, iyalai sun koma aika wasiƙa ta hannun direbobi, mutane kuma suka riƙa bin hanyar Tsafe mai haɗari zuwa Funtuwa don kawai su ji muryar 'yan'uwansu, kafin ita ma Katsina ta katse sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne halin da majalisa ta shiga, domin bisa hasashen masu zargin waya, kamata ya yi masanin ya yi shiru tunda an ƙafe masa rijiya.

Sakamakon ya saɓa wa hasashen. Wayar ta koma fitila da agogo, amma labari bai ragu da ko ƙwaya ba, illa dai ya sauya abin hawa, ya koma tasha. Duk wanda ya sauko daga motar Funtuwa ko ta Sakkwato ya zama majiya mai tushe, yaron mota ya sami darajar da wakilan gidajen rediyo ke nema shekara da shekaru, kuma labarin da ya bar Tsafe da safe yana ɗan maraƙi yakan isa Bungudu da yamma da ƙaho da tozo. Masanin ya ma fi samun sakewa, tunda babu sauran ɗalibin jami'a da zai zaro waya ya ƙaryata shi a gaban jama'a. Da aka mayar da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuma bayan wasu makonni, abin da ya fara yi shi ne sauke odiyoyin da suka taru, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da majalisa cewa duk abin da ya faɗa a lokacin duhu ya tabbata.

Ba a yi wa mata adalci ba idan aka ce ba su da nasu reshen, domin zaurukan WhatsApp na biki da suna da adashi sun yaye ƙwararru a fannin haɗin gyaran jiki da fassarar rigingimun 'yan Kannywood, sai dai wannan fage ne mai zurfi da ke buƙatar mai bincike mai ƙarfin hali.

Sabon babin da aka shiga shi ne na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT, wadda ta fito a Nuwamban 2022, da 'yan'uwanta masu iya ƙaga hoto da murya da bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba. An yi zaton wannan fasaha za ta ƙwace wa masanin sana'arsa, tunda ita ma tana amsa kowace tambaya cikin yaƙini ko ta sani ko ba ta sani ba, amma sai ya mayar da ita 'yar aikinsa. Yanzu duk bidiyon da ya goyi bayan maganarsa sahihi ne, ko da mutumin da ke ciki yana da yatsu shida, duk wanda ya saɓa masa kuwa haɗin kwamfuta ne, ko da a gaban idonsa aka ɗauke shi a shataletalen Lalan, shi kansa yana tsaye a gefe yana cin gyaɗa.