Yadda Ake Ɗauko Mai Haɗa Shafin Intanet a Yi Asara Cikin Mutunci

Idan Allah ya buɗa maka, shagonka na atamfa a Kantin Kwari ya fara tumbatsa, ko kuma cinikin humra da turaren wuta na Hajiya ya fi ƙarfin WhatsApp, akwai ranar da wani zai dube ka ya ce, "Alhaji, wai har yanzu ba ka da shafin intanet?" Daga ranar barci ya ƙaurace maka. Tunda kuɗin nan ya riga ya ɗaura niyyar fita, ga yadda za ka raka shi bakin ƙofa ba tare da girmanka ya zube ba.

Kada ka kuskura ka san abin da kake so. Wannan aikin masu ƙaramin jari ne. Kai dai ka kira yaron da zai haɗa maka shafin ka ce, "Injiniya, irin na Jumia nake so, amma ya ɗan fi shi." Jumia tun 2012 ta fara a Legas, a 2019 ta shiga kasuwar hannun jari ta New York, ga rumbunan kaya ga tulin ma'aikata, amma ina ruwanka? Kai kana da dubu tamanin da mako biyu. In yaron ya fara tambayar kaya kala nawa za a ɗora, wa zai riƙa sauya farashi idan dala ta motsa, yaya turmi biyu za su isa Gombe, to mai tsaurin ido ne, sallame shi. Wanda ya ce "an gama, ranka ya daɗe" tun ba ka rufe baki ba, shi ne rabonka.

A ina za ka same shi? Akwai Upwork da Fiverr, inda masu wannan sana'a daga Indiya har Legas ke baje kolinsu, kowa da shaidar waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Sai dai can da dala ake magana, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 maganar dala ba ta yi wa kowa daɗi. Ka bar wahala. Ɗan ƙanwar matarka ya gama bautar ƙasa, kuma kowa a gidan ya shaida ya iya kwamfuta, don shi ya dawo wa Gwaggo da Facebook ɗinta. Amfanin ɗan gida shi ne ba ka isa ka yi masa faɗa ba. Ka ɗaga murya da safe, kafin la'asar magana ta isa gidan surukai.

Kada ka nemi ganin aikin da ya taɓa yi. In ya nuna maka hotuna a wayarsa, ka ce masha Allah. Masu buɗe shafin a tasu wayar, da tasu datar, su ga ko zai buɗe kafin shayi ya huce, har su nemi lambar mai shafin su ji yadda aka rabu, mutane ne marasa yarda da ɗan Adam.

Kuɗi kuwa, tura shi gaba ɗaya, alat ɗaya. Akwai masu raba shi uku: kafin alƙalami, wani kaso idan aiki ya kai rabi sun gani da idonsu, cikon kuma sai ranar da komai ya shiga hannunsu. Har takarda suke rubutawa, a faɗi abin da za a yi, da ranar gamawa, da wanda zai gyara in abu ya lalace bayan wata uku. Me ya yi zafi? Ku da kuke sallah a sahu ɗaya.

Yanzu mu zo inda asarar take da daɗi. Sunan shafi, wato adireshin nan da mutane za su rubuta su same ka, ba sayensa ake yi a ajiye ba, hayarsa ake yi, duk shekara a sabunta. Masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ta hannun kamfanonin da ta ba izinin yin rajista. Haka ma wurin da ake ajiye shafin kansa, shi ma kuɗin haya ne. Wanda aka sa sunansa da imel ɗinsa a rajistar, shi ake aika wa sanarwa in lokaci ya kusa ƙarewa, shi ke da ikon sabuntawa, shi ke da ikon mayar da shi hannun wani. Saboda haka idan Injiniya ya ce, "Alhaji, bari kawai in yi amfani da imel ɗina, ya fi sauri," ka ce Allah ya yi albarka. Kamar ka kama shago ne a Kwari, ka biya kuɗin shekara, a rubuta takarda da sunan ɗan dako, makulli ma ya tafi da shi gida. Kada ka tambayi kalmar sirri, rashin kunya ne. Kada ka nemi a ba ka kwafin aikin ka adana. Bayan wata goma sha biyu cif, ranar wata Talata, kwastoma zai bugo daga Mubi ya ce shafinka ba ya buɗewa. Ka kira Injiniya, a ce maka lambar a kashe take. Ya samu aiki a Abuja, ko kuma yana nan a unguwa ya canza layi, duk ɗaya ne a wurinka.

In ya ce maka da hannunsa ya rubuta komai tun daga tushe, ka jinjina masa. Wataƙila WordPress ce, manhajar haɗa shafi wadda ake samu kyauta tun 2003, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Ba abin kunya ba ne, hasali ma ga ƙaramin shago ita ce daidai, don ko wannan yaron ya ɓace wani zai iya ɗorawa. Inda gizo ke saƙa shi ne adon shafin. Akwai na kuɗi, akwai kuma na kuɗin da aka sato ake rabawa a banza, sau da yawa da mugun abu a cikinsa. Zaɓi na banzan. Wata safiya za ka tashi ka tarar shagonka na leshi da shadda yana tallar caca, kuma limamin unguwarku ne zai fara gani.

Shafi kaɗai ai bai kai matsayinka ba, ka dage sai an yi maka manhajar waya. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ka sa manhaja a Play Store, Apple kuma dala 99 kowace shekara. Biya duka. Kwastomominka masu Tecno da Itel za su sauke ta don kunyarka, su goge ta ranar da aka turo bidiyon kamu wayar ta ce ta cika.

Sai karɓar kuɗi. Paystack da Flutterwave na iya sa mai saye ya biya da kati ko transfa, su cire ɗan kasonsu, saura ya faɗa asusun da aka ba su. Suna tambayar takardu, har da na rajistar CAC in kamfani ne. Kai kuma takardunka suna cikin wata jaka da ba a san inda take ba, don haka bari Injiniya ya sa asusunsa "kafin a daidaita". Ba ma lallai a yi ciniki ta nan ba. Mutumin da ya ga an rubuta dubu ashirin da biyar bugowa zai yi ya ce, "Alhaji, na ga na intanet, to nawa ne gaskiya?"

Kada kuma a ce duk laifin na yaron ne, kai ma ka ba da taka gudummawar. Hotunan kayan da ya roƙa tun farkon azumi, tura masa bayan babbar sallah, a ɗauke su da dare da hasken tocila. Ƙarfe biyun dare ka aika masa saƙon murya na minti tara: tambarin ya ƙara girma, koren ya koma ruwan ƙasa, a sa hotonka na Makka a sama. Washegari Hajiya ta ce a mayar yadda yake. Duk sabon tunanin da ya zo maka, sunansa "ɗan ƙaramin gyara", kuma ba a biyan kuɗin ɗan ƙaramin gyara. Tunda ya zo, ya duba firinta da rimot ɗin talabijin. In akwai cikon kuɗinsa, ka ce kasuwa ba ta motsi, ka haɗa shi da yadi biyar na shadda da addu'a. Shi ma data yake saye, shi ma fetur yake zuba wa janareta, amma ai matashi ne, yana da haƙuri.

Abu ɗaya kada ka jinkirta: tun ranar da aka buɗe shafin, sa a buga adireshin a allon shago, da kalanda, da leda dubu biyar. In shafin ya mutu, sai ka nemo wani Injiniyan. Zai duba, ya girgiza kai, ya ce, "Subhanallah, Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Sannan ya sanar da kai cewa sai an sake daga farko, da sabon suna, don tsohon wani ya riga ya kama shi. Ledojin dai masu ƙwari ne, ana iya ci gaba da zuba kaya a ciki.