Dattawan da Ke Haɗa Tankar Roba

Duk watan Nuwamba garin Telford na Ingila kan cika da masu furfura, kowa rungume da kwali kamar mai kai lefe. Abin da ke ciki tankar yaƙi ce ta roba, an rage girmanta sau 35, ma'aunin da kamfanin Tamiya na Japan ya yayata tun daga tankar Panther ta roba da ya fitar a 1961. Mu da muka tashi muna ƙera motar langa-langa ba mu da bakin yi musu dariya, amma dai kowa da halinsa.

Akwai mai ƙidayar ƙusa. Ka kwashe wata uku kana manna tankar Tiger, ya zo ya gyara zaman tabarau, ya ja tsaki. Wai wannan fenti mai ruwan ƙasa sai a Fabrairun 1943 Jamusawa suka fara shafa shi, taka kuwa ta 1942 ce. Ya taka har gidan tarihi na Bovington ya ga Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya, ya haddace cewa sarƙar ƙafarta ƙarfe 96 ne kowane gefe. Taka 95. Ka ce to malam ina taka, sai ya ce yana kan bincike. Tun ɗansa na goye yake binciken nan, yaron yanzu ya fara gemu.

Sai mai taɓo. Shi tanka mai tsabta abin kunya ce. Zai gama aiki tsaf, gwanin sha'awa, sannan ya ɗauko buroshi ya bi ta da tsatsa, da ƙura, da baƙin mai, har ta koma kamar an tsamo ta daga kududdufi. Kofin shayin da yake wanke buroshin a ciki, ya sha kurɓarsa bisa kuskure.

Mai gaggawa kuwa ba ya duba takardar bayani, raini ne a wurinsa. Daren Asabar ɗaya ya gama, bakin bindiga a karkace, shatin babban yatsansa kwance a jikin tankar inda gam ya narkar da roba.

Mai tara kwali ya fi kowa yawa. Saman sif, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, duk tankokin Sherman ne da T-34 da ba a ɓare ledarsu ba. Uwargida ta tambaya, ya ce araha ya samu. Ko shekara ɗari aka ƙara masa ba zai haɗa rabinsu ba, kuma jiya ma ya sayo wani.

Ni na rarrafe ne. Da na kama wani ɗan mitsitsin abu da hantsaki, sai ya yi tsalle ya faɗa kafet, in duƙa da tocila har sallar isha. Idan kun zo gidana, don Allah ku dubi inda za ku taka. Fitilar Sherman ɗina tana nan wani wuri tun azumin bara.