Na Gasa Surukina a Hanyar Zariya

Jiya jiyan nan abin ya faru, kuma har yanzu in na kalli hannuna na dama sai in ji kamar in ba da shi sadaka.

Ɗaurin aure ne a Zariya, na dangin maiɗakina, aka ce ni zan kai Baba, wato surukina. Akwalar motata kuwa AC ɗinta shi ne a sauke gilashi, waifarta kuma sai an lallaɓa ta. Na ga bai dace dattijo mai farin gemu ya sauko daga cikinta a bainar jama'a ba, sai na je na aro ta abokina: wata jif 'yar Beljiyam wadda ba ta taɓa taka Beljiyam ba, daga Amurka aka ɗauko ta, ta sauka Kwatano ta shigo. Da ya miƙo mini makulli ya fara yi mini bayanin maɓallan, na ɗaga masa hannu na ce, "Haba, shekara 12 ina tuƙi." Abu ɗaya kawai na bari ya ƙarasa: kada in kunna AC sai ta kama dole, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi kansa kallon maɓallin nan yake yi kamar wanda ke binsa bashi.

A ƙofar gidan Baba na tsaya saita madubai kafin ya fito. Wani ɗan dunƙule ne a jikin ƙofa, an rubuta L da R a gefensa. Ina dannawa ina zuba wa madubin dama ido, ko motsi bai yi ba, ashe na hagu ne yake ta juyawa har ya koma kallon gajimare. Na danna na kusa da shi, sai madubin nan biyu suka lanƙwashe ciki lokaci guda kamar kunnuwan jakin da aka ɓata wa rai. Yaran unguwa suka yi mini tafi. Da ƙyar na dawo da su. A ƙasan na dama akwai wani rubutu da Turanci, wai abin da kake hangowa ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato. Na ɗauka da motoci yake.

Baba ya fito cikin farar shadda, babbar riga ta sha sitaci sai ƙara take yi. Na buɗe masa gidan baya, ya ce a'a, gwiwarsa tana son miƙewa, gaba zai zauna. Ƙanin matata, ɗan jami'a, abokin wasana kuma annobar rayuwata, ya shige baya ya yi ɗaiɗai.

Muna wuce Na'ibawa sama ta ɓalle. Ruwan Agusta ne, irin wanda ba ya sallama. Na kai hannu in kunna waifa, sai na ba da sigina. Na kai ɗaya hannun na jawo sandar, mota ta watsa wa gilashi ruwa, kamar wanda ake zubowa daga sama bai isa ba. Na murɗa bakin sandar, na ji ƙuuu ƙuuu a bayana, waifar gilashin baya ce ta kama aiki bilhaƙƙi, gaba kuwa ko oho. A karo na huɗu na dace. Na saki ajiyar zuciya a ɓoye, na gyara zama irin na wanda duk abin da ya yi da gangan ya yi.

Sai gilashin ya fara yin fari.

Ta gefen Baba ya soma, ya rarrafo tsakiya, kafin minti uku titin Zariya ya zama labari. Na ƙara wa waifa gudu. Na kai ta ƙarshe, tana ta fat fat fat kamar ana casar gero, farin nan bai ragu ko da ƙwayar zarra ba. Baba yana jan carbinsa, bai ko juyo ba, ya ce a hankali, "Malam, kamar dai daga ciki ne."

Na ce, "Haka ne, Baba, ina gwada ta ne."

Na dubi allon da ke tsakiya na ga an rubuta 72. Gabana ya faɗi. A Kano in zafi ya kai 42 a watan Afrilu, ko kaza inuwa take nema, ga wata mota tana shirin kai mu 72. Ban san cewa Amurkawa da wani ma'auni dabam suke auna zafi ba, kuma 72 ɗinsu bai wuce 22 namu ba. Na murɗa abin har ƙasa, iska ta taso, amma da yake AC a kashe yake, numfashinmu ne kawai ta kwaso ta sake watsa mana.

A nan ne na tuna na taɓa jin an ce maɓallin da ke share gumin gilashi yana da zanen layi uku masu lanƙwasa, kamar hayaƙi yana tashi. Hancina na manne da gilashi, ina leƙen titi ta wata 'yar kafa da na goge da gwiwar hannu, sai na saci kallon ƙasa. Kusa da giya na hango su, har guda biyu, kowanne da layi ukunsa. Na yi lissafi irin na masu ilimi: biyu ne saboda ɗaya na gefena, ɗaya na gefen Baba. Gefen Baba ya fi yin fari, kuma babba ake fara yi wa hidima. Na danna nasa. Fitilu uku ja suka kama reras.

Na ce, "Yanzu zai washe, Baba, da yardar Allah."

Ya ce, "Madalla."

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne abin da aka zana a ƙarƙashin layukan. Kujera ce. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, ana shimfiɗa siraran wayoyi a cikin kushin, mutum ya shigo da asuba jikinsa na kyarma ya danna, kujera ta ɗumama shi daga ƙasa. Fitila uku kuwa ita ce ƙarshen wuta. Motar nan ta ƙetaro teku, ta sha kwastan, ta sha rana, abubuwa da yawa sun mutu a jikinta, amma wannan yana nan da ransa, yana jiran surukina.

Na fara lura da carbin. Da farko ɗaya bayan ɗaya yake tafiya, sai ya koma bibbiyu. Baba ya gyara zama. Can ya sake gyarawa. Ya jingina da ƙofa, ya dawo ya jingina da hagu. Tasbihin da yake yi a zuci ya fara fitowa fili, daga subhanallahi ya koma a'uzu billahi. Ni kuwa na ɗauka tuƙina ne ya tsorata shi, sai na rage gudu, wato na ƙara masa lokaci a kan wuta. Dattijon kirki ne, wanda ko dariya da ƙarfi bai taɓa yi a gabana ba. Ta yaya zai buɗe baki ya gaya wa mijin 'yarsa wurin da ke masa zafi? Na duba madubin ciki, wanda na ɓata lokaci ina saitawa don in ga motocin baya, ban ga komai ba sai ƙanin matata ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa.

Dab da Kura na haƙura na gangara gefen titi, kusa da wata rumfar leda inda wani bawan Allah ke gasa masara. Kafin in ja birkin hannu ya iso, buhu a ka, mafici a hannu. Na sauke gilashin gefen Baba.

Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya leƙo, ya dubi gilashin, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Yallaɓai, akwai albasa a motar?"

Na ce babu.

"Ash! Da ka raba ta biyu ka goga, shi ke nan. Dankali fa? Na Turawa, ba na Hausa ba, na Hausa zaƙi gare shi, ƙuda zai tara maka." Na ce babu dankali. "Taba sigari?" Ya dubi gemun Baba ya ce, "Astagfirullah, a yi haƙuri, Alhaji." Ya yi shiru yana nazari, ruwa na tsiyaya daga buhun. Sannan ya ƙirga mu da mafici: ɗaya, biyu, uku.

"To ai ga matsalar nan. Kun yi yawa. Numfashinku ne. Ku rage numfashi."

Na ce, "Mu rage me?"

"Numfashi. Ku riƙa yi bi da bi. Alhaji ya ja, in ya sauke kai ka ja, yaron nan na baya ya ɗan jira, ai matashi ne. Ni na yi yaron mota shekara bakwai, Kano zuwa Legas, babu abin da ban gani ba."

Ina neman amsar da zan ba shi ne na ji ƙarar sitaci. Baba ya kwance bel, motar ta fara ƙara ɗin ɗin ɗin. Ya kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu, ya ɗaga jikinsa sama a hankali, ya tsaya a iska, bai zauna ba bai tashi ba, kamar mai shirin sauka daga raƙumi. Gumi na bin gemunsa. Bai dube ni ba, gilashin gaba ya kalla, ya ce cikin muryar da yake jan limanci da ita:

"Malam, motar nan tana da murhu ne a ƙasa?"

Mai hankali zai dubi fitilu ukun nan. Mai hankali zai ce wa yaron baya ya duba. Ni, da digirina da shekara 12 na tuƙi, sai na ce bari in taɓa in ji. Na miƙa hannuna na dama na shimfiɗa tafin a kan kujerar, daidai inda Baba ya taso.

Hannun dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu ba ya daɗewa yana ɗauke da shi.

Ya dawo ya zauna.

Tun jiya nake lissafin tsawon lokacin. Ƙanin matata ya rantse bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Ƙarya yake yi. Na ga rayuwata duka ta wuce a ciki: ranar da na fara zuwa gaisuwa gidan na durƙusa tun daga zaure, ranar da aka kawo mini tuwo na ce na ƙoshi alhali ko karin kumallo ban yi ba, don kada a ce suruki ya ga ina tauna. Shekara tara ina tara wannan kunya ƙwaya ƙwaya kamar mai adashe, ga shi na kwashe ta a zama ɗaya. Ƙasan tafina wuta, saman hannuna surukina. In na zare da sauri, na tabbatar masa da cewa hannun yana wurin. In na bari, to hannun yana wurin. Shi ma na san lissafin da yake yi ke nan: in ya zabura, ya nuna ya ji. Sai muka yi abin da ya rage wa masu mutunci biyu, muka zuba wa farin gilashin gaba ido kamar ana nuna labarai a jikinsa. Waifa tana fat fat fat. Ƙararrawar bel tana ɗin ɗin ɗin. A baya wani sauti yana fita irin na akuyar da ta haɗiyi leda.

Kuma, Allah ya yafe mini, bakina bai iya yin shiru ba. Da hannuna a inda yake, na ce, "Gaskiya ne, Baba, akwai zafi."

Ya ce, "Na'am."

Wannan "na'am" ɗin ita ce ta hana ni barci. Na juya ta ta kowace fuska. Ba ta faɗa ba ce, ba ta yafiya ba ce. Irin wadda ake yi ce idan an zo wa mutum da labarin rasuwar wanda dama an daɗe ana jinya.

Mai masara kuwa duk yana tsaye, kansa cikin mota, yana kallo da idon masani. Ya ce, "Yawwa, riƙe shi da kyau, Yallaɓai, kada ya zame."

Ɗan jami'ar ne ya cece mu, bayan ya tabbatar ya gama more kallon. Ya zuro hannu ta tsakanin kujeru ya kashe fitilu ukun. Ya danna AC. Ya danna wani maɓalli can sama mai zanen gilashi kamar mafici, shi ma da layi ukunsa, wanda tun farko yake kallona. Ya kashe wani mai hoton mota da kibiya ta lanƙwashe a cikinta, wanda ke hana iskar waje shigowa. Wai AC ba sanyi kawai yake bayarwa ba, yana tsotse laimar da ke cikin iska, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota in ta tsaya. Kafin ya rufe baki gilashin ya washe tas, ga titi, ga gonakin shinkafa, ga jama'ar da suka fake a rumfa su wajen goma suna kallonmu. Abin da ya fi ci mini rai, da na tambaye shi daga ina farin ya fito, sai ya ce tururin numfashinmu ne yake kwanciya a kan gilashi mai sanyi. Wato mai masara ya fi ni gaskiya.

Ban san lokacin da hannuna ya dawo wurina ba. Baba dai ya buɗe ƙofa ya fita cikin ruwan, ya tsaya ya juya wa iska baya na ɗan lokaci, sannan ya zagaya ya shiga gidan baya. Gwiwar ta warke.

Don in samu abin yi da fuskata, na sayi masara ta dubu ɗaya. Mutumin ya naɗe ta a ɓawonta ya miƙo, ya ƙara mini ɗaya gyara. Har na ɗaga gilashi rabi ya ƙwanƙwasa da mafici, ya sunkuyo, ya rage murya yadda a ganinsa ni kaɗai zan ji, alhali har rumfa ana jinsa:

"Yallaɓai, shawara ce ta mai sana'a. In za ka sake kunnawa, ka riƙa juya Alhaji. Gefe ɗaya in ya daɗe, ƙonewa yake yi."