Peckham, Legas cikin rigar sanyi

Duk wanda ya kashe kuɗin jirgi don ya je Landan ya ga Turawa, to kada ya kuskura ya sauka a Peckham, can kudu maso gabashin birnin. Yana fitowa daga tashar jirgin ƙasa ya faɗa titin Rye Lane, zai rantse direba ya juyo da shi Legas.

Ga doya an jera a bakin shago, ga manja cikin jarka, ga busasshen kifi da attaruhu. Mai nama na sara, mai gyaran waya na maƙale a lungu, masu kitso na yafito duk macen da ta gifta. Bambancin kawai, ciniki ake cikin rigar sanyi, kuma idan ka juya kuɗin doya ɗaya zuwa naira, sai yunwar ta gudu da kanta.

Unguwar tana da abin alfahari. Koren ɗakin karatunta, wanda samansa ya turo gaba bisa siraran ginshiƙai, ya ci kyautar Stirling ta zanen gine-gine a shekarar 2000. Amma inda samarin Turawa ke tururuwa lokacin zafi shi ne rufin wani tsohon benen ajiye motoci. Su hau matakala suna haki, su sayi abin sha da tsada, su tsaya kallon garin da suka baro a ƙasa.

In ka je, malam, taho da fam a aljihu. Gaisuwa da Yarabanci ba ta rage farashin doya.